Igiyar da Ban Miƙa Masa ba

Ni na fara shiga ajin koyon nutso cikin kogon ƙarƙashin ruwa, a wani wurin ninƙaya da ke ƙasan bene a Bronx. Ɗan gwaggona, wanda nake ce wa Yaya, rakiya kawai ya yi min ranar farko. Aka goya min tankin iska, aka sa min gilashin fuska da takalma masu faɗi kamar ƙafar agwagwa. Ina shiga ruwa na kife, na sha na ƙoshi, na fito ina tari da majina. Ashe yana ɗauka a waya. Kafin mu sauka daga jirgin ƙasa na layin D, bidiyon ya zaga guruf ɗin dangi. A wani taron suna a titin Grand Concourse har wata inna ta kwaikwayi tarina, mata suna riƙe ciki.

Sai ga Yaya shi ma ya yi rajista, wai idan ni zan iya, shi a barci ma zai yi.

Malamar ajin ta ce wanda ya ci gwajin ƙarshe kaɗai za ta kai kogon ƙarƙashin ruwa na Florida. Ina son tafiyar nan kamar me. Gwajin kuwa na duhu ne: a liƙe maka gilashi da baƙin tef, ka bi siririyar igiya da yatsu har bakin fita, domin a kogo idan laka ta tashi, igiyar ce idonka. Abokin tafiyarka yana riƙe da damtsenka. Idan ta kuɓuce maka, shi zai mayar da hannunka kanta. Malamar tana ɗaukar komai a kyamara don gyara.

Aka haɗa ni da Yaya, shi aka liƙe wa gilashi. Ya ce, “Ƙanwata, ki riƙe ni da kyau, ban da shan ruwa.”

A wajen tsanin fita daga ruwa igiyar ta suɓuce masa. Nawa gilashin a buɗe yake. Ina ganinta tana lilo dab da ɗan yatsansa, yana lalube kamar mai neman silifa a ƙarƙashin gado. Na tuna tarin innar nan. Na bar shi. Ya dinga wutsil-wutsil, ya fizge gilashin, ya yi sama a firgice yana kiran sunan mahaifiyarsa.

Malamar ta kayar da mu duka. Ta ce shi ya saki igiya, ni kuma na saki mutum, kuma nawa ya fi muni. Florida ta wuce ni a shekarar, na kuma ji zafinta sosai.

Amma na roƙi bidiyon, na ce zan duba kurakuraina. A kan dandamalin jirgi na tura shi guruf. Yaya yana tsaye kusa da ni, kunnensa na ɗigar ruwa, wayarsa ta fara ƙara.