Sai Bayan Kaka

A shekarar da aka gano cutar hanta nau'in C a jinin yayana, masararsa ta Likoro ta kai gwiwa. Ba rashin lafiya ce ta kai shi asibiti ba. Ya je Makarfi ne ba da jini ga matar wani maƙwabcinmu da za a yi wa tiyata, aka gwada, aka ce ba za a ɗauki nasa ba, ya tafi Zariya a ƙara dubawa. Ni na raka shi, domin a can nake zaune.

Likitar da ta gan mu ba ta tsawaita ba. Ta ce hantar ba ta lalace ba tukuna. Maganin ƙwaya ce, a sha kullum har wata uku, kuma yawancin masu sha suna warkewa sarai. Abin da zai ji bai wuce ciwon kai ko 'yar kasala ba. Yaya ya yi godiya, ya sa mata albarka. Sai da muka shiga mota ya ce, "Haka suke faɗa wa kowa."

A lokacin ana nuna wani wasan kwaikwayo na asibiti a talabijin, na ƙasar waje, an ɗora masa muryar Hausa. Gidanmu duka ana kallo bayan magariba. A ciki akwai wani magidanci mai irin wannan cuta. Ana yi masa allura a ciki, yana karkarwa, gashinsa yana zuba a kan matashi. Matarsa ba ta miƙa masa ruwa sai da safar hannu. Ba a jima ba idanunsa suka yi ɗorawa, aka tura gadonsa a guje zuwa ɗakin tiyata, bai fito ba. Yaya ya kalli wannan duka kafin a gwada jininsa, kuma bai manta ko ɗaya ba.

Allurar ba ƙirƙira ba ce. An yi amfani da ita a da, tana da wahala, kuma an bar ta tun da ƙwayoyin suka fito. Sauran kuwa ƙari ne na masu shirin. Mutumin da ya haɗiyi ƙwaya da koko ya ɗauki fartanya ya fita ba abin nunawa ba ne. Na yi masa wannan bayani a zaure.

"Yaya, wasa ne fa."

"Wasan na ji. Injinan da ke ɗakin su ma wasa ne? Su da suka yi maganin za su yi wa kansu ƙarya?"

"Tsohon magani suka nuna."

"To, ɗan birni. In na kwanta yanzu wa zai yi huɗa? Kai da hannun nan naka kamar na amarya?"

Bai ce ba zai sha ba. Cewa ya yi sai bayan kaka. A lissafinsa maganin zai kwantar da shi shekara guda, don haka sai ya nemi lokacin da gona za ta iya rabuwa da shi. Da aka kai masara rumbu, sai saran rake ya taso. Bayan rake sai tumatirin fadama, wanda yake kaiwa Ikara. Kafin a gama da shi ruwa ya sauka. Cutar kuma ba ta yi masa ciwo ko kaɗan, abin da ya ƙara ba shi hujja. Ya riƙa shan jiƙo daga wani mai magani a Kudan, saboda shi ba ya kwantar da mutum.

Matarsa ta ware masa kofi da kwano. Na ce mata ta jini ake ɗauka, ta reza ko allura, ban da abinci. Ta yi dariya ta ce, "Ƙaramin miji, kai ka ji a bakin likita, ni da idona na gani." Shi ma bai musa ba. Ya daina sa hannu a kwanon da muke ci tare da ƙannenmu, ya koma gefen tabarma da nasa.

Damina da yawa suka wuce a haka. Ranar da takalminsa ya ƙi shiga ƙafarsa don kumburi, shi da kansa ya kira ni a waya. Muka koma Zariya. Wani likita ne wannan karon, ya daɗe yana duba hoton cikin kafin ya yi magana.

Ya sha ƙwayoyin. Kullum da safe yana shafa kansa yana duba tafin hannu. Gashi bai zuba ba, bai yi karkarwa ba, bai kwana asibiti ba. Da aka sake gwaji aka ce babu ƙwayar cutar a jininsa. Amma hantar ta riga ta yi tabo ta ƙanƙance, kuma wannan maganin ba ya gyara abin da ya lalace. An hana shi aiki mai nauyi. An ce zai riƙa zuwa ana duba shi muddin ransa.

A tashar mota ya zauna a benci, cikinsa ya cika rigar. Sai da motar Kudan ta kusa cika, sannan ya ce, "Wato shi ke nan maganin?"

Na ce shi ke nan.

Bana ƙanen matarsa ne ya nome gonar. Akan ɗauki Yaya a babur a kai shi bakinta, ya tsaya kaɗan, ya nemi wurin zama.