Saniyar da Ta Koma Tsibiri

Kawu Casildo wan mahaifiyata ne. An haife shi a wani tsibiri cikin tafkin Gatún, wanda a da tudu ne, kafin a tare kogin Chagres ruwa ya hau ya cinye daji da gonaki don manyan jiragen ruwa su sami hanya. Kakansa ya ƙi tashi. Ya yi ta matsar da bukkarsa sama har ruwan ya tsaya, kuma a nan zuri'ar ta zauna: gida ɗaya, bishiyoyin lemo, 'yar gonar rogo da ayaba, sai ruwa ta kowane gefe.

Tun yana saurayi yake cewa zai tafi. Daga ƙofar gida yake kallon jirage suna wucewa, kowanne ya fi cocin garin Escobal da ke bakin tafkin tsayi. Da farko mahaifiyarsa ce ta makance, ba mai kula da ita sai shi. Da ta rasu ya auri Ruperta, wadda ba ta ƙaunar birni ko kaɗan. Da Ruperta ta rasu sai ya ce shanu ne suka riƙe shi. Ya yi ta sayar da su har ya rage saura ɗaya, wata ja mai suna Canela.

Shekarar da na dawo daga karatu aka yi fari. Na je gaishe shi na tarar tafkin ya ja baya, dajin da aka nutsar ya fito fili. Itatuwan ba su ruɓe ba. Baƙaƙen kututture ko'ina, wasu sun fi mutum tsayi, wasu kuwa suna laɓe kaɗan a ƙarƙashin ruwa, su ne masu fasa kwalekwale.

A lokacin ne 'yarsa Zoraida ta gyara masa ɗaki a birnin Colón. Ta ce ranar Asabar za su zo da mota bakin ruwa a Escobal, ita da mijinta. In bai fito ba, ɗakin ya zama na ƙanin mijin, don shi ma wuri yake nema. Kawu ya amsa. Wani mai kiwo a Escobal ya yarda zai karɓi Canela.

A wajenmu ba a ɗora saniya a kwalekwale. Igiya ake ɗaura mata a ƙaho, mutum ɗaya ya riƙe kanta sama a gefen jirgi, ita kuma ta yi iyo. Kuma ba a yin haka sai tafki ya cika.

Nicanor, maƙwabcinsa na tsibirin gaba, ya zo ranar Asabar da safe don ya riƙe igiya, amma bai yi shiru ba.

"Tsoho, kai da ka tsufa kana shirin tafiya, jiran damina ne zai gagare ka?"

"Ɗakin ba zai jira damina ba."

"To bar mini ita mana."

"In bar maka ita ka yi romo? Na san halinka."

"Wannan tarin ƙashin? Ko kada ya gan ta sai ya kau da kai."

Ni aka sa a gaba in duba ruwa. Kawu ya bi hanyar da ya sani tun yana yaro, tsakanin kututturen da mahaifinsa ya shafa wa farin fenti. Sai dai an shafa fentin ne lokacin da ruwa ke cike. Ranar yana can sama da kawunanmu, kuma abin da ke can ƙasa a da ya matso kusa. Kwalekwale ba ya nutsewa sosai, ya wuce lafiya. Ƙafafun saniya sun fi shi zurfi.

Mun yi rabin hanya Canela ta hau wani kututture da ƙirji. Ta yi ta harbi, igiya ta naɗe a wani reshe, kwalekwale ya karkata ruwa ya fara shiga. Kawu ya zaro adda ya sare igiyar. Saniyar ta zame, ta juya, ta nufi tsibiri tana huci, jini na bin bayanta a ruwa.

"Mu ƙarasa," in ji Nicanor, yana kwalfe ruwa. "Ga rufin coci can. Gobe zan leƙa ta."

"Kafin gobe ƙuda sun sa mata tsutsa," in ji Kawu.

"Kawu, suna jira," na ce.

Ya daɗe yana kallon Escobal, adda na hannunsa. Sannan ya ajiye ta ya juya kwalekwalen.

"Ɗana, kai za ka je ka faɗa wa Zoraida. Ka ce da zarar ruwa ya dawo."

Da rana Nicanor ya kai ni. Zoraida ta saurare ni har na gama. Mijinta ya tada mota.

Damina ta yi latti a shekarar. Kafin ta sauka ciwon Canela ya warke, ƙanin miji kuma ya kafa gadonsa a ɗakin. Kawu na can har yanzu. Zuwana na ƙarshe ya tambaye ni ko ɗakin nan yana da taga. Na ce yana da ita, bangon maƙwabta take kallo. Ya gyaɗa kai, ya ci gaba da feren rogonsa.