Takwas Ya Ce In Rubuta, Huɗu Na Rubuta

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina wanke-wanke da safen nan maigidana ya kira daga wurin aiki: kawunsa, Baba Mamman, ya rasu a care home, gidan kula da tsofaffi, a Birmingham.

Har yanzu ban yi kuka ba. Haushi nake ji.

Baba Mamman yana cikin mutum tara da suka fara kafa bukka a Zangon Farar Ƙasa, can kudu a bakin teku, lokacin ba komai sai daji da sauro. Su suka fasa dutsen wurin, su suka ƙona shi ya zama farar ƙasa. Tafin hannunsa duk tabo ne, don farar ƙasa cin fata take yi. Yau wurin ya zama gari, amma sunan kamfani kaɗai ke jikin allon shiga gari.

Abokansa takwas suna kwance a gefen ramin dutsen, ba rubutu. Kafin ya taho Ingila, duk gabanin azumi shi ke shafe duwatsun kabarinsu da farar ƙasa yana kiran sunan kowa. Da ya zo nan, sai ya ɗauki sunayen a kaset.

Da za a kai shi care home, ɗansa, Yaya Dakta, ya kwashe flat ɗin Baba na unguwar Longsight a yini ɗaya, ya zuba kaset ɗin a bin ɗin shara. Wai "tarkace ne, Baba, it's all mouldy." Tarkace! Hannun da ya ƙone har ka zama likita!

Baba ne ya koya min hawa bus ɗin Stockport Road ina amarya ban san kowa ba. In ya gan ni da littafin soyayya sai ya ce, "Amarya, yau kuma wa aka yaudara?"

Watan jiya na je duba shi. Ya ce, "Ɗauko biro, ki rubuta min sunayen mutanena takwas."

Ya faɗi huɗu. Sai ya ambaci ranar da matarsa, marigayiya Inna, tana budurwa ta kawo masa ruwa bakin ramin, ni kuma na tsare shi: "Baba, tsaya! Me ta ce? Wane zani ta ɗaura?" Ya yi dariya ya biye min. Shafi uku na cika da soyayya, har nurse ta zo ba shi magani.

"Sauran fa?" in ji shi.

Na ce sai na dawo, kar train ɗin komawa gida ya wuce ni.

To da wane baki zan zagi Yaya Dakta?

Ga waɗanda na rubuta: Sule Mai Guduma, Isa Dogo, Malam Bawa, Ɗan'azumi. Don Allah in kakanka ya taɓa ƙona dutse a Zangon, tambayi tsofaffin gidanku yau, ba gobe ba, ka rubuto min sunan a ƙasan wannan rubutun.

Allah Ka jiƙan Baba, Ka sanyaya masa kabari kamar yadda ya kula da na 'yan'uwansa. Ku sa shi a addu'a, shi da huɗun nan, da huɗun da na bari suka tafi tare da shi.