Ragon Kirsimetin Malama

Surukata malamar makaranta ce, kuma ba ta taɓa ajiye malanta ba ko a bakin murhu. Ranar da aka kai ni gidanta ina amarya, kafin ta tambaye ni gajiyar hanya sai da ta gyara mini ɗaurin ɗankwali. Na ce a raina, to, ni kam na shigo aji. Haka kuwa aka yi. Ta koya mini tuƙin tuwo kamar ban taɓa ganin muciya ba, ta koya mini goyo, ta yi ƙoƙarin koya mini kame baki, wanda har yau ban iya ba. Gajeriya ce, baƙa, mai saurin tafiya, da tabarau ɗaure da zare ta bayan kunne. Kowa Malama yake ce mata, har 'ya'yan cikinta. Ni kaɗai nake ce mata Inna, na kuma lura tana jin daɗin haka, ko da yake ba za ta faɗa ba.

Mu mutanen ƙasar Zazzau ne, Kiristoci tun iyaye. Aiki ne ya kai mu Jibiya a shekarun nan na hamsin, kafin mulkin kai, da aka tura maigidana, ɗanta na fari, ya zama akawu a ofishin kwastan na kan iyaka. Mijinta ya riga ya rasu, ta kuma ajiye aiki a makarantar da ta daɗe tana koyarwa. Ta ce ba za ta zauna ita kaɗai tana jiran mutuwa ba, ta kwaso ƙannen maigidana da jikokinta marayu, muka cika bayan mota. Gidan da muka samu yana bakin hanyar da motocin gyaɗa suke bi zuwa Kano daga ƙasar Faransi, kamar yadda ake kiran Nijar a lokacin. Da sunan ɗanta aka kama gidan, amma kowa ya san mai shi.

Ba mu gama kwance kaya ba ta mai da zaure aji. Zamanin yaƙi da jahilci ne, sai ta samo baƙin allo da alli, da safe ta tara 'yan matan unguwa, bayan la'asar ta bi matan aure gida gida. Da farko mutane sun yi ɗari-ɗari da ita, ana cewa za ta juya wa yara addini. Ita kuwa ba ta kai addininta aji. Takan ce abacada aka ba ta amana, abacada za ta koyar. A hankali iyaye suka saki jiki, har matan da suka haife ni suka riƙa zuwa nuna mata sun rubuta sunansu.

Coci babu a Jibiya a lokacin, ga shi Lahadi ce ranar kasuwa. Gari ya cika da jakuna da raƙuma daga ƙetaren iyaka, mu kuwa mu saki asabari a ƙofar zaure mu yi sujada. Ba mu da yawa: mu, da malamin asibiti, da wani kafinta da iyalinsa, sai direban da Lahadi ta riske shi a gari. Ƙararrawarmu tsohon ƙarfen mota ne da aka rataya a jikin bishiyar bedi. Ita ke bugawa, ita ke ba da waƙa. Allah ya ba ta murya mai ƙarfi, daɗin ne dai bai haɗa mata da shi ba, kuma babu mai zuciyar gaya mata.

Da Babbar Salla ta zo, muka ga abin da ba mu zata ba. Tun da azahar kwanuka suke shigowa, wannan tuwo, wancan soyayyen nama, wani gidan ma tsagin haƙarƙari ɗanye. Malama ta tsaya tsakar gida tana karɓa tana sa albarka, murna kamar ta taka rawa. Da yamma ta ce mini, "Amarya, wanda ya ci na mutane, dole mutane su ci nasa. Allah ya kai mu Kirsimeti."

Allah ya kai mu. Maigidana ya kayar da akuya ya yanka da hannunsa, kamar yadda ake yi a unguwarmu ta gida, inda duk maƙwabta masu bi ne. Babu wanda ya yi tunanin komai a cikinmu. Muka dafa shinkafa da miya ja, muka soya waina, aka bi gidaje. Kwanuka suka dawo a wanke, wani da ƙwai a ciki, wani da goro, wani da 'yar tsabar gero. Malama ta kwana tana yaba mutanen Jibiya.

Washegari sai ga Iya mai daddawa, tsohuwar da katangarmu ɗaya da ita, wadda duk unguwa ke tsoron bakinta. Ta zauna, aka gaisa, ta dubi Malama.

"Malama, wa yay yanka akuyag ga ta jiya?"

"Akawu ne ya yanka," in ji Malama, don ba ta faɗin sunan ɗan fari.

"To, ni ban iya munahunci ba. Babu wanda yac ci. Munka amsa, munka yi godiya, don kar ki ji kumya. Waina kam mun ci, ta yi daɗi. Amma duk abin da miya tat taɓa, gidan kahintanku munka aika da shi."

Sai a sannan na gane dalilin da ya sa kafinta ya wuce da safe yana sheƙi, ko tsayawa gaisuwa bai yi ba. Abincin unguwa guda ya ƙare a gidansa, bawan Allah bai ce uffan ba.

Ni raina ya ɓaci ƙwarai. Iya na fita na ce, in ba za su ci ba su bari, mu ma baɗi mu rufe ƙofa mu cinye abinmu. Malama ta cire tabarau ta daɗe tana gogewa da bakin zane, na ga idonta ya yi ja. Abin ya yi mata ciwo, don ita mace ce da ba ta iya zama baƙuwa a wuri ba, kuma a ganinta wanda ba a cin abincinsa baƙo ne ko ya shekara nawa. Can ta mai da tabarau ta ce, "In malami ya yi darasi aji bai ɗauka ba, ba ajin ake kora ba. Darasin ake sakewa."

Da damina ta ɗauke ta shiga kasuwa da kanta, ta sayo ɗan rago fari wajen wani Bafillace da ya koro dabbobi daga ƙetare. Irin kiwon da ragon nan ya sha, mu 'yan gida ba mu samu rabinsa ba. Dusa da kanwa, harawa, ƙasarin tuwo, har wanka take yi masa da sabulu. Ya yi ƙato, ya yi girman kai, ya tunkuyi abokan aikin maigidana ba sau ɗaya ba.

Saura wanda zai yanka. Malama ta ce ba kowane mahauci take so ba, limamin unguwa take so, don in shi ya sa wuƙa babu mai sauran shakka. Shi kuwa dattijo ne marar yawan magana, kuma yana cikin waɗanda ba su taɓa turo 'ya'yansu ajinta ba. Ta ja Iya suka je, ta durƙusa daga bakin zaurensa ta faɗi buƙatarta. Ya daɗe yana jan carbi, sa'an nan ya ce, "Allah shi kai mu." Shi ke nan. Ni da na ji, na ce wannan ai ba i ba ce, ba kuma a'a ba.

Mutanenmu ma ba duka suka so ba. Kafinta ne kan gaba wajen ƙorafi, kowa kuwa ya san abin da ke cin sa. Malamin asibiti ya ce, yaya ragon bikinmu za a ɗauko wani daga waje ya yanka? Malama ta dube shi ta saman tabarau ta ce, "Naman da kake saye a kasuwa kullum, kai kake yankawa?" Daga nan ba a sake ta da zancen ba.

Ranar Kirsimeti tun da sassafe aka hura wuta, aka ɗora ruwa, aka ɗaure rago a gindin bedin tsakar gida. Malama ta kafa doka: in ba wuƙar liman ba, babu wuƙar da za ta taɓa ragon nan. In bai zo ba, miyar kuka za mu sha, rago ya ci gaba da cin dusarsa. Rana ta fito, babu liman. Maigidana ya riƙa kai da komo yana kallon wuƙarsa, ta harare shi, ya mai da ita kube. Da lokacin sujada ya yi, ta buga ƙarfe, muka shiga zaure, aka saki asabari.

Sujadarmu ba ta da tsawo, kafin tukunyar wake ta nuna mun tashi. Ran nan kuwa ta ƙi ƙarewa. Ina kusa da ita, ina ganin idonta yana kan asabari, kunnenta yana jiran sallama. Ta san in aka ce amin aka tashi, dole a fuskanci ragon nan da yunwar jama'a da bakin kafinta. Saboda haka waƙa na ƙarewa sai ta ɗauko wata. Ta sa malamin asibiti ya maimaita karatu. Da aka zo addu'a, ta yi wa masu mulki, ta yi wa manoman gyaɗa, ta yi wa direbobi, ta ƙetare iyaka ta yi wa mutanen ƙasar Faransi, ta dawo ta bi 'yan ajinta ɗaya bayan ɗaya. Yara suka fara gyangyaɗi. Muryoyi suka dishe, tata kaɗai ta rage tana tashi. Haushi ya cika ni, tausayinta kuma ya fi haushin yawa.

Ta buɗe baki za ta ɗauko wata ke nan sai aka yaye asabari da ƙarfi. Iya ce, ta riƙe ƙugu.

"Wai ku wace irin salla ta taku da ba ta ƙarewa? Malam shina waje tun hantsi da wuƙa tai, rana ta gasa dattijo!"

Muka yi waje gaba ɗaya. Ga liman zaune kan buzunsa a jikin katanga, inuwa ta daɗe da barin wurin, wuƙa naɗe a tsumma kan cinyarsa. Ashe ya iso jim kaɗan bayan mun saki asabari. Malama ta durƙusa ta ce, "Malam, ai da ka yi sallama."

Ya ce, "Na iske kuna ganawa da Ubangiji. Ba a katse ma mai ibada. Na ce in kun ƙare kwa hito."

Shi yana waje yana jiran mu gama, mu muna ciki mun ƙi gamawa muna jiran sa. Maigidana ne ya fara tuntsirewa da dariya, sai kowa ya ɗauka, har liman sai da ya rufe baki da hannun riga. Aka shiga da shi tsakar gida, samari suka kayar da rago, ya juya shi gabas, ya yi bisimilla ya yanka. Ya wanke wuƙarsa, ya yi mana barka da shan biki, ya tafi. Malama ta bi shi da cinya guda. Daga shekarar nan ba a sake aika masa ba, da kansa yake zuwa, sai dai yakan turo a ce wa Malama ta taƙaita waƙa. 'Ya'yansa kam bai taɓa turo su aji ba, ita ma ba ta taɓa tambaya ba.

Ran nan abinci bai sauka ba sai bayan la'asar. Aka bi gidaje da kwanuka, Malama ta zauna kan tabarma ta ƙi cin komai. Can sai ga Iya ta shigo riƙe da kwanon da aka kai mata, a rufe yadda aka kai shi. Na dubi Malama, na ga ta ƙame.

Iya ta zauna daɓas, ta buɗe kwano, ta ce, "Ni ba ni cin abincin biki ni ɗaya. Amarya, kawo muna ruwa. Malama, matso ki sa hannu."

Suka wanke hannu, suka sa a kwano ɗaya. Iya ta zaɓo tsoka mai kitse ta kai baki, ta tauna a hankali, mu duka mun zuba mata ido. Ta haɗiye, ta suɗe yatsa, ta yamutsa fuska.

"Nama kam ya yi. Amma miyag ga, daddawa ta yi mata kaɗan. Ku Zage-zagi rowa gare ku."

Malama, wadda ko ɗanta bai isa ya kushe mata miya ba, ta fashe da dariya har tabarau ya zame, hawaye suna bin kumatunta. Ban taɓa ganin ta cikin farin ciki irin na ran nan ba. Ta share ido, ta tura wa Iya wata tsokar gabanta, ta juyo gare ni.

"Amarya, kin ji gyara. Baɗi ki ninka daddawa, kuma wajen Iya za ki saya."