Audugar Kunnen Saje

Saje nake ce masa, shi kuma yana ce mini Hajiya tun ban taɓa ganin cikin jirgi ba. Maigidana ke nan, Allah ya jiƙansa. Soja ne, kuma a shekarun nan da ake shirin miƙa mulki ga farar hula aikinsa koya wa kurata harbi. Ɗakunan bariki sun yi kaɗan tun bayan yaƙin basasa, sai muka kama haya a Dutse Uku, ciki da falo, a gidan da ke da rijiya da bishiyar gwaiba. Kai, Jos ta lokacin! Ruwa ya sauko da ƙanƙara, yara su fita da kwanoni suna tsinta, dankali da kabeji kuwa sai ka ture. Da safe sai Saje ya yi ta fama da babur ɗinsa kafin ya tashi saboda sanyi, ni ina tsaye da shayi ina yi masa tsiya.

Bai taɓa shigo mini da bindiga gida ba, amma zancenta kam na sha shi har na ƙoshi. Ya ce irin tasu, duk ja ɗaya na kunama harsashi ɗaya take fitarwa, ta ɗora wani da kanta, saboda haka saurinta yana hannun mai riƙe da ita. A nan ne kuma wahalarsa take.

"Hajiya, yaro idan ka ce masa ya yi harbin sauri, sai ya ɗauka hauka ka ce ya yi. Ya runtse ido, bakin bindiga ya yi sama, ya dinga harbin gajimare."

Dokokinsa har na haddace. Yatsa ba ya zuwa kusa da kunama sai an ba da umarni. Bakin bindiga ba ya kallon mutum ko an rantse babu komai a ciki. An gama harbi, kowa ya buɗe tasa Saje ya leƙa da idonsa. Abin har ya zame masa jiki. Ina cikin faɗa na nuna shi da muciya, sai ya kama bakinta a hankali ya juyar da ita ƙasa, ya ce in ci gaba. Wallahi sai dariya ta ƙwace mini, faɗan ya lalace.

Maƙwabciyarmu ce ta fara ankarar da ni, wata Bayarabiya mai sayar da atamfa da muke kira Iya. Ta leƙo wata rana ta ce, "Matan Saje, wannan rediyo naku har Titin Bauchi yana ji labaru." Na yi dariya, amma daga ranar na sa ido. Na ga in ana magana yana karkato da kunnen hagu. Na ga sai na kira shi na sake kira kafin ya ce na'am. Da na matsa masa, ya ce ba komai, gyare ne ya tare masa a kunnen dama, in ya dawo daga filin harbi sai gyaren ya yi ta kuka. Mutumin nan kurmancewa yake yi a gabana, yana kuma murmushi.

Ban yi wata-wata ba na tafi Anguwan Rogo wurin masu katifa na samo auduga mai kyau. Na cire guryar, na mulmula ƙanana da ɗan man kaɗe yadda za su zauna a kunne, na cika ƙaramin gwangwani na sa masa a aljihu. Ya buɗe, ya shinshina, ya ce ashe yanzu jariri ya zama. Na ce jariri ya fi shi hankali, shi ko ƙara ya ji yana kuka.

Sai ya zaunar da ni, abin da ba ya yawan yi.

"In mata suna lugude a tsakar gidan nan, kina ɗaki, ba kya gane wadda hannunta ya kauce?"

Na ce ina ganewa mana.

"To haka nake jin layin yarana. In sun kwanta suna harbin sauri, idona ba zai iya kallon kowa a lokaci ɗaya ba. Kunnena ke gaya mini wane ya rikice, wane bindigarsa ta cije. Wanda tasa ta cije shi ne abin tsoro, don juyowa zai yi da ita ya nuna mini, bakinta na kallon ɗan'uwansa. Kafin ya juyo nake so in kasance a kansa. In na toshe kunne, da me zan ji?"

Na ce to in kunnen ya mutu gaba ɗaya fa, da me zai ji? Ya ce Allah na nan. Na ce Allah na nan, shi ya halicci auduga. Ya yi dariya ya mayar da gwangwanin aljihu, na ɗauka na ci nasara.

Kullum gwangwani ya dawo wayam, kullum in cika, ina ta jin daɗi. Ashe ban san dawan garin ba. Wata ranar Asabar sai ga wani kurtu ya yi sallama, siriri, kai a aske tas, da ƙullin auduga a hannu. Ya durƙusa ya ce, "Mama, yaran oga ne suka aiko ni. Wai a taimaka a ƙara mana irin wancan, ba ya isar mu."

Na ce, "Ba ya isar ku? Shi ogan naku fa?"

Yaron ya sunkuyar da kai. "Oga ba ya sawa. Mu yake raba wa, wanda bai sa ba kuma ba zai taɓa bindiga ba."

Ranar Dutse Uku ta ji muryata. Na ce masa ya mayar da ni baiwar bariki, ina ta mulmula auduga ina gyara kunnen 'ya'yan wasu, nawa mijin yana lalacewa. Na ce ga 'yarmu nan ta fara tafiya, yau ko gobe bakinta zai buɗe, in ya ga dama ya ji muryarta a lahira. Yana zaune yana ta goge takalminsa abinsa. Har yau ban sani ba ko haƙuri ne ko rabin faɗan bai shiga ba. Audugar kuwa na mulmula musu, don yaran ba su yi mini laifin komai ba, kuma su ma iyayensu na can suna jiran su.

Haka muka ci gaba, ni da mita, shi da taurin kai, rediyo na ƙara ƙarfi. Duk da haka shekarun nan su ne mafi daɗi a rayuwata, ba zan ɓoye ba. A bakin kurata na ji cewa tun da Saje ya karɓi filin nan ba a taɓa ɗaukar kowa a kan gadon asibiti ba, kuma na yi alfahari da shi ko da ban gaya masa ba.

Wata la'asar bayan an ɗauke ruwa, yana zaune a kan turmi ya ba mu baya, yana gyaran fitilar babur. Ina tsince shinkafa, yarinyar na riƙe da zanina. Sai ta sake ni, ta yi taku biyu-uku wajensa, ta buɗe baki ta ce, "Baba."

Tas ta faɗe shi. Iya da ke shanya ta saki guɗa rabi ta toshe baki. Yarinya ta sake cewa, "Baba!" Saje na ta murɗa ƙusa. Sai da ya ga inuwata a kansa ya ɗago, ya dube ni, ya dubi Iya, ya ga yadda muke kallonsa.

"Mene ne? Me ya faru?"

Na ce, "Kiran ka ta yi."

Ya ajiye abin da ke hannunsa a hankali. Ya ɗauke ta ya ɗora a cinya, ya karkato da kunnen hagu har yana taɓa bakinta.

"Sake faɗa, uwata. Faɗa mini nan."

Ita kuwa ta hango kazar Iya ta wuce da 'yan tsakinta. Ta zame daga cinyarsa tana ƙyalƙyala dariya ta bi su da gudu. Saje ya zauna a kan turmin nan, kansa a karkace yadda ta bar shi, yana jira ta dawo.