Lambar da Likita Ta Ba Yayana

Yayana tela ne a Anguwan Rogo. Abin da muka fara lura da shi, ya daina iya matsawa kusa da keken ɗinkinsa saboda kumburin ciki. Daga baya idanunsa suka yi rawaya. Ni ke bi masa, kuma ni ce na yi boko a gidan, don haka jinya ta faɗo kaina.

Likitar da ke duba shi Kirista ce, 'yar asalin Filato, mai irin Hausar nan ta Jos da ba ruwanta da mace ko namiji. Ta ce hantarsa ta ƙanƙance ta yi tauri, ba za ta koma yadda take ba. Duk mako sai a ɗebi jininsa. In sakamako ya fito, sai ta shigar da lambobin a wayarta, na ciwon shawara, na ƙoda, na daskarewar jini. Wayar ta haɗa su ta fitar da lamba guda.

Na tambaye ta amfanin lambar.

"Yana nuna mana wanda ya fi shiga haɗari a wata uku masu zuwa," in ji ta. "In ya hau, ba kyau."

"Ta Yaya fa?"

"Yana tsakiya. Amma ki gane, lissafin mutane da yawa ne, ba na mutum ɗaya ba."

Da na koma ɗakin da aka kwantar da shi a asibiti na maimaita masa. Ya ce, "Ashe ita ma awo take yi. Ni ma in na auna mutum na san rigar za ta shige shi. Ko zai kai Sallah ya sa ta, wannan ba a tef yake ba."

A gadon da ke kusa da nasa akwai wani dattijo daga Bukuru, tsohon mai haƙar kuza, da ciwo iri ɗaya. Lambarsa ta fi ta Yaya nesa ba kusa ba. Likita ta sa aka kira 'ya'yansa, fasto ya zo ya yi masa addu'a.

Aka sallami Yaya bayan an zuƙe masa ruwan ciki. Ya koma yanka yadi a kan tabarma, tunda keken ya gagara. Wata Talata da safe, ya gama shan koko ke nan, sai ya fara aman jini. Muka sa shi a Keke Napep, muka tarar da cunkoso a Titin Bauchi. Ya rasu a asibiti kafin azahar.

Likitar ta ce wata jijiya ce ta fashe a maƙoshinsa, kuma lambar ba ta cika hango irin wannan ba. "Na ɗauka yana da sauran lokaci," in ji ta. Ban ga laifinta ba.

Dattijon Bukuru ya ƙara damina guda a duniya. Matarsa ce ta gaya mini rasuwarsa, da muka haɗu a layin karɓar magani.

Layin nawa ne yanzu. Bayan sadakar arba'in likitar ta sa aka gwada mu duka gidan, aka sami ƙwayar cutar da ta lalata masa hanta a jinina da na ƙaninmu. Ina shan magani kullum da safe, duk wata shida kuma in je a ɗebi jini.