Rigar Feshi a Ƙasan Akwati

Shekarar da na fara aikin malamin gona a Malumfashi, ofishinmu ya tara masu feshin maganin ciyawa ya ba su horo. Aka koya musu haɗa magani, aka raba musu rigar feshi, safar hannu da takunkumi. Aka tafa, aka ɗauki hoto, aka ci shinkafa. Oganmu ya ce horo ya yi, tunda kowa ya zo. Ni kuwa na ce zuwa makaranta daban, karatu daban.

Ina da dalilina. Yayana na cikin waɗanda aka horar, kuma duk damina tari ke hana shi sakat, idanunsa jawur. Tsoro nake ji ƙwarai kada maganin nan ya gama da ƙirjinsa.

Da muka sanar za mu zagaya gonaki, kowa ya fito fes cikin rigarsa, har da karin guga. Oga sai murmushi yake. Ni karin gugar nan ne ya tsaya mini a rai. Bayan 'yan kwanaki na hau babur na faɗo gonar Yaya a Bakori ba sanarwa. Na same shi da 'yar shara, ba ko takalmi, bakin famfon feshi ya toshe yana hura shi da baki.

"Yaya, ina rigar?"

"Tana akwati mana. Sabon kaya kake so in lalata a gona? In baƙin ofis suka zo, me zan sa?"

Ba ganganci ba ne. Haka muka taso: sabon kaya na ranar fita kunya ne. Ashe na sauran ma duk suna ƙasan akwati, cikin leda.

Na ja shi har gida, na roƙi matarsa ta ɗauko rigar. A gabansa na tumurmusa ta cikin taɓo. Ya yi salati, ya ce boko ya taɓa mini kai. Na ce, "To Yaya, yanzu ba ta fita kunya ba ce, ta aiki ce."

A ofis na kafe cewa daga yau ba sanarwa, kuma riga mai tsabta ba shaida ba ce. Oga ya ce na cika neman wahala. Na ce ai gani ya kori ji.

Ƙarshen damina na leƙa gidan Yaya. Rigar na kan igiya, ta koɗe, hannunta ya yage an ɗinke. Muka daɗe muna hira a zaure, ina ta kasa kunne. Ko sau ɗaya bai yi tari ba.